Ɗakin da Aka Turara Mana

Tambaya ɗaya muka tafi da ita neman ɗaki, ni da maigidana, kuma ita ce kowa yake tafiya da ita a Maiduguri tun shekarar babban ruwa: ruwa ya shigo nan? Sai an amsa wannan ake tambayar wuta da banɗaki.

Mu a unguwar Gwange ya same mu. 'Yata tana jaririya, ko arba'in ban yi ba. A bahon wankanta babanta ya saka ta ya ɗora a ka, ni kuma na riƙe bayan rigarsa, ruwa yana dukan ƙirjinsa, ni har wuya. Mun fita da rai, alhamdulillahi. Da ruwa ya janye muka koma duba ɗaki, tun daga bakin ƙofa wani wari ya tare mu, warin laka da ruɓaɓɓen kifi da jiƙaƙƙiyar katifa da abin da masai ya amayar. Maigidana ya fita waje ya yi amai. Ni ban yi ba, amma warin ya zauna mini a hanci.

Daga nan gidan yayansa muka koma a Bulumkutu. Ni ina kwana a ɗakin matar yayan tare da yaranta, shi kuma a shagon ƙofar gida cikin samari. Abincinsa a kwano nake aika masa. In muna son magana sai mu tsaya a zaure kamar masu zance. Babu wanda ya taɓa yi mana gori, amma ni na san tabarmata tana tare hanyar fita, kuma in 'yata ta yi kuka duk ɗakin ne yake tashi.

Shi direban keke mai ƙafa uku ne. Da bazara ya zo mini da labari cewa ya samu ɗaki a unguwar 'yan makaranta, bayan jami'a, can ta hanyar Bama. Ya ce a can fasinja ba ya yankewa, ɗalibi ko nan da can ne sai ya hau keke don kar takalminsa ya yi ƙura. Yaya nake ce masa tun muna yara, domin ɗan wan babana ne. Na ce, “Yaya, ka tambaya?”

Ya ce, “Tare za mu je, ki ji da kunnenki.”

Unguwar ba irin wadda na sani ba ce. Gidajen duk an yayyanka su ɗaki-ɗaki a jere, kowace ƙofa da kwadonta. Shagunan buga takardu ne a ko'ina, da masu cajin waya, da masu shayi da suke soya taliya da ƙwai tun da rana. 'Yan mata suna tafiya da littafi a ƙirji suna dariya da ƙarfi, babu mai kallonsu. Tsofaffi kaɗan ne, yara ƙanana kuwa kusan babu. Sai daga baya na yi tunanin wannan.

Mai gidan wata tsohuwa ce Babarbariya, Hajja, mijinta ya rasu ya bar mata gidan. Ta riga mu zuwa. Tun daga ƙofar gida na hango hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa, ƙamshin kajiji da sandal ya cika tsakar gidan. Hajja ta taso da lafayarta tana cewa, “Wushe, wushe! Lale da amarya, lale da 'yar amarya.” Ta karɓi 'yata ta sa mata albarka, sannan ta tura ƙofa. Kasko ne a tsakiyar ɗaki, garwashi ja wur, hayaƙi har ba ka ganin rufi sosai.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san me turaren wuta yake nufi. Ba a yi wa kowa. Amarya ake yi wa, da mai jego, da baƙon da ake ganin girmansa. Ni da na shafe watanni ina naɗe tabarma da asuba don mutane su wuce, yau ga tsohuwa sa'ar kakata ta hura gawayi saboda ni. Idona ya ciko.

Maigidana ya rusuna ya ce, “Hajja, ruwa ya shigo nan?”

Ta buɗe hannu. “Ɗana, ga bango, ga ƙasa. Duba da idonka. Ka ga alamar ruwa?”

Ya duba. Siminti sabo, bango yana sheƙi da koren fenti. Ya ce bai gani ba. Ta ce, “To.” Mu kuma muka ɗauki wannan “to” ɗin a matsayin amsa. A ranar ya biya na shekara, da abin da ya tara da abin da yayansa ya taimaka.

Kwanakin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ɗakina, ƙofata, tukunyata. Mai moya yana kawo mana ruwa a jarkoki har ƙofa. Amma ni mutum ce mai kallo, tun ina yarinya ake ce mini idona ya yi yawa, kuma zaman gida ba ya ba mace aikin da ya wuce kallon bango.

Koren fentin ne ya fara damuna. A gidajen da na sani, mai duhun yana tsayawa ne a ƙugu, inda hannun yara yake kaiwa, sama kuma fari. Wannan ya wuce kaina. Wurin jona wuta ma yana can sama, sai na yi ɗage nake kaiwa, kuma a ƙasa kusa da ƙofa akwai wani tabo mai kusurwa huɗu inda aka toshe tsohon da siminti. Na ce wataƙila haka 'yan boko suke so.

Sai na lura da ƙusoshi. Duk ɗakin da na leƙa in ƙofa a buɗe take, jakunkuna a rataye suke kusa da rufi, ƙasa babu komai sai katifa da bokiti. A shagon Ibo na bakin layi inda nake sayen sabulu, katakan ƙasa duk wayam suke, kaya suna sama, har sai ya taka benci yake ɗauko mini sukari. Darbejiyar ƙofar gida kuma, a tsakanin rassanta, akwai takalmin roba na yaro guda ɗaya a maƙale, laka ta bushe a kai. Na tsaya ina tunanin wane yaro ne zai hau can ya bar takalmi. Ɓangaren Hajja na cikin gidan a kulle yake da babban kwado. Ashe ba ta kwana a gidan, tana wajen ɗanta a wata unguwa. Ba ta zuwa sai in ɗaki ya zama babu kowa, kuma in ta zo da kaskonta take zuwa.

Ni ma ina da nawa kaskon. A unguwar Hausari na tashi, kuma abin da innata ta fi nanata mini kafin a kai ni shi ne, miji ba ya dawowa ya tarar da ɗaki babu ƙamshi. Ko tuwo bai nuna ba, a turara. Don haka kullum in an yi la'asar sai in ɗebi garwashi daga murhu, in barbaɗa turare, in rufe ƙofa, hayaƙi ya kama labule da zanin gado. Kafin magariba in ya shigo sai ya ja numfashi ya ce, “Kai, yau ma gidan gwamna zan kwana.”

Ruwan farko da ya sauka, kowa ya yi murna, zafi ya yi sauƙi. Washegari da hantsi, bayan ya fita, ina shara sai na ji wani wari. Kaɗan ne, daga kusurwar da ke bayan katifa. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na durƙusa na kai hancina jikin bango. Na san shi. Ranar na zuba turare ya fi na kullum.

Haka muka tafi. Duk ruwan da aka yi sai warin ya ƙaru, ni kuma sai in ƙara kajiji. Bango ya fara gumi daga ƙasa. 'Yata a lokacin tana koyon tafiya, da bango take bi, tana dafawa tana dariya, sai in ga tafin hannunta ya yi baƙi-baƙi da funfuna. Fentin ya fara kumbura wuri-wuri kamar ƙuna.

Na gaya wa maigidana bayan ya ci abinci. Ya shinshina hagu, ya shinshina dama, ya yi dariya.

“Ni dai sandal nake ji. Ke tun Gwange hancinki bai dawo daidai ba. Ko a masallacin Idi aka ajiye ki sai kin ji warin laka.”

“Yaya, wallahi akwai.”

“To mu koma ina? Shagon samari? Ki bar ni in huta, don Allah.”

Akwai gaskiya a maganarsa. Ina jin warin nan a wurin da babu shi, a cikin keke, a gidan suna, har a mafarki. Na fara tunanin ko kaina ne.

Maƙwabciyata ta jikin bango wata ɗaliba ce 'yar kudancin Borno, Kirista, doguwa mai yawan tsokana. Maman Bebi take ce mini, ita 'yata kuma wai kishiyarta ce don tana shiga ɗakinta ta zubar mata da gari. Wata rana muna wanki a tsakar gida, ita da bokitinta ni da nawa, na ce mata, “Wai ke jakarki laifin me ta yi kika rataye ta kamar naman layya?”

Ta yi dariya. “Ɓeraye, Maman Bebi.”

“Ɓeran gidan nan ba ya hawa bango? Na ga yana hawa.”

Ta ci gaba da cuɗa riga, ba ta ɗago ba. Can ta ce, “Ke kam da kin yi makaranta da 'yar sanda kika zama.”

“Ki gaya mini don Allahn da kike bauta wa.”

Ta dubi ƙofar gida, ta dubi 'yata da ke wasa da kumfa. Ta nuna tankin ruwa da ke kan dogayen ƙarafa a ƙarshen gidan. “Kin ga wancan? A kansa muka zauna, mu da muke gidan, har sojoji suka zo da jirgin ruwa. Hajja ma tana cikinmu, samari ne suka ɗaga ta. Tana kuka tana salati, lafayarta ta tafi.”

Na saki wankin na ce, “Kuma kika dawo?”

“Ina zan samu ɗaki kusa da makaranta kamar wannan? Hajja ta roƙe mu kar mu riƙa faɗa, wai jikokinta marayu da gidan nan suke ci. Mu kuma, ki duba, jaka ɗaya ce. Takarduna suna cikin leda a ƙulle. In ruwa ya zo, in saɓa in ruga. Shi ya sa ranar da na gan ki da goyo kina shigo da tukwane, na ce Yesu, wa ya kawo wannan?”

“Ba ki ce mini komai ba.”

“Kina ta murna. Kin ba ni ɗanwake.” Ta matse rigar ta yarfe. “Mako mai zuwa muke gama jarrabawa, duk za mu tafi gida hutu. Ki san yadda za ki yi, Maman Bebi. Ba wasa nake ba yanzu.”

Na kai wa maigidana wannan ma. Ya ce yaran makaranta sun iya ƙarin gishiri, wataƙila ruwa ya taɓa tsakar gida suka hau tanki don tsoro. Ya ce kullum yana wuce gada yana ganin kogi da idonsa, bai kai ko'ina ba. Na ga dai ya ture kwanon bai cinye ba.

Suka tafi kamar yadda ta ce. Ban taɓa ganin unguwa ta mutu da sauri haka ba. Kekuna suka yi ta fita da akwatuna, kwado ya hau kowace ƙofa. Masu buga takardu suka rufe, mai shayi ya kife bencinsa, janareto duk suka yi shiru. Mai moya ma sai in ya ga dama yake shigowa layin. A gidanmu mai ɗakuna jere, ni kaɗai na rage da 'yata. Fasinja ya ƙare, dole maigidana ya riƙa tafiya can wajen kasuwar kifi ta Baga Road, ɗaya ƙarshen gari, kuma tsakanina da shi akwai gada.

Ga damina ta kai tsakiya. Hadari yana haɗuwa daga gabas kusan kullum, baƙi ƙirin. A waya ana ta turo murya, wannan ya ce madatsar ruwa ta cika, wancan ya ce ƙarya ne a daina tayar wa mutane hankali. Kwatar layinmu ta daina tafiya, ruwan ya tsaya kore, kwaɗi suna kuka da rana tsaka. Ina zaune sai in riƙa lissafin yadda zan hau ƙarafan tankin nan da yarinya a baya. Na je na gwada taka na farko, santsi ne da shi. Bahon wankanta kuma yanzu ta fi ƙarfinsa, ba za ta zauna a ciki ba, miƙewa za ta yi.

Wata safiya na ga tururuwa sun fito daga tsagar siminti, layi guda, kowace da farin ƙwai a baki, suna hawa bango. Na bi su da ido. Suka wuce koren, suka shiga farin, suka shige rufi.

Da la'asar ta yi na ɗauko kasko kamar kullum. Na ɗebi garwashi, na buɗe kwalbar turare, sai na tsaya. Maigidana fa bai taɓa shiga ɗakin nan babu hayaƙi ba. Ranar farko Hajja ce ta turara masa. Tun daga ranar kuma ni ce. Da asuba yake fita, ƙamshin jiya yana nan a labule, ya dawo na sabunta. Abin da Hajja ta fara, ni nake ƙarasa mata kullum da hannuna, har ina ƙara kajiji. Ranar dai na turara, don garwashi ya riga ya hau.

Washegari yana fita na cire labule da zanin gado na wanke su tas na shanya. Na janye katifa daga bango. Na rufe taga, na rufe ƙofa, na toshe ƙarƙashinta da tsumma. Na yini a baranda da 'yata, a nan na yi girki, a nan muka yi barcin rana. Aka yi yayyafi da azahar, rana ta sake buɗewa da zafi. La'asar ta yi, ta wuce. Hannuna yana ta son ɗauko kasko. Kunya ta kama ni kamar innata tana tsaye a kaina, domin macen da mijinta ya dawo babu ƙamshi, ko fushi take yi ko ƙazama ce.

Ya shigo da keken har tsakar gida, tunda babu kowa. Ya dube ni a baranda, ya dubi kasko a kife.

“Lafiya? Gawayi ya ƙare ne?”

“Akwai.”

“To me na yi?”

“Ba ka yi komai ba, Yaya. Shiga. In ka shiga ka ja ƙofar.”

Ya yi tsaki kaɗan, ya cire takalmi, ya shiga. Ina jin ƙofar ta rufu. Na rungume 'yata ina kallon tanki. Shiru. Sai na ji ƙarar kankara, ƙar, ƙar, ƙar. Na tashi na tura ƙofar, warin ya buge ni har na ja baya. Yana tsaye da makullin keke a hannu yana ɓare fentin inda ya kumbura. A ƙarƙashi bangon launin laka ne. Ya bi shi yana kankarewa yana yin sama, ya wuce gwiwarsa, ya wuce ƙugu, ya wuce ƙirji inda na Gwange ya tsaya masa. Sai daidai haɓarsa launin ya yanke, layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare.

Ya fito ya durƙusa bakin kwata, ya daɗe a nan. Na kawo masa buta. Da ya wanke baki, bai dube ni ba ya ce, “Tukwanen za ki fara haɗawa.”

Da safe ya je wajen Hajja. Ya ce ta saurare shi har ya gama, tana jan carbi, sannan ta ce, “Na ce maka babu ruwa? Cewa na yi ka duba da idonka.” Ta ce abin da aka biya kuma ya riga ya shiga cikin marayu. Ya ce da zai fito ya ga tana share ido da bakin lafaya, shi ya hana shi ɗaga murya.

Muna ɗaure katifa a saman keke sai ga ta ta iso, da kasko a cikin leda da ƙullin gawayi. Ba ta gaishe mu ba, mu muka gaishe ta. Ta zauna bakin ƙofar da muka bari tana fifita wuta da marfin kwano. Ba a jima ba wani saurayi ya yi sallama, matarsa tana biye da shi, yarinya ce ƙarama da tsohon ciki, tana tafiya tana dafa ƙugu. Hayaƙi ya riga ya fara fita. Na ga fuskarta lokacin da ƙamshin ya same ta, na ga yadda ta yi murmushi ta gyara mayafi.

Maigidana ya ce a hankali, “Hau mu tafi.”

Na ce bari in ɗauko tsintsiyata. Na bi ta kusa da yarinyar, na gaishe ta da jiki, na ce, “'Yar'uwa, kar ku ba da amsa yau. Ki dawo gobe da hantsi, bayan hayaƙi ya fita, ki shiga ki rufe ƙofa.”

Ta dube ni ba ta gane ba. Hajja ta daina fifita. Ta ɗago ta kalle ni, ni ma na kalle ta, sannan ta mayar da kai kan garwashinta. Mijin yarinyar yana daga ciki yana cewa, “Zo ki gani, har sabon fenti, wuri ɗaya ne kawai ya ɓare.”

Yanzu muna Bulumkutu. Na koma tabarmata ta bakin ƙofa, shi ya koma shagon samari, kwano yana kai masa abinci. In la'asar ta yi har yanzu sai in ji hannuna yana neman kasko, in tuna ba ni da ɗakin da zan turara. 'Yata ta saki bango, tana tafiya da kanta. Na roƙi maigidana in ya kai fasinja wajen jami'a ya leƙa layin ya ga ko akwai labule a ƙofar nan. Kullum sai ya ce hanya ba ta bi da shi ta can ba. Jiya ma da hadari ya taso daga gabas na sake tambayarsa a zaure, ya ce in shiga da yarinya ciki, iska ta fara.